Kwana Biyu a Birni, Kai da Abokinka



Duk wanda ya taɓa aron wayar yayansa ya ci karo da irin bidiyon nan. Ɗalibi ne ɗan Najeriya da ke karatu a Turai, ya tashi ranar Asabar da jaka goye a baya, shi da abokinsa, sun hau jirgin ƙasa, kafin azahar sun sauka a wani birni. Ga su a gindin doguwar hasumiyar ƙarfen nan ta Faris, ga su a kan gada a Landan, ga su suna cin wani abu a takarda suna ƙyaƙyata dariya. Ranar Lahadi da dare sun koma makaranta. Kai kuwa kana zaune a Gummi ko Anka ko Bukkuyum, cajin wayar saura kaɗan, kana cewa a ranka, "Mu dai sai kallo."

Ban ga laifin mai sha'awa ba, ni ma ina kallo. Sai dai in bidiyon ya ƙare nakan tambayi kaina, me na sani game da garin nan wanda ban sani ba ɗazu? Sau da yawa babu. Fuskar mai wayar ta cinye rabin hoton, garin yana can bayansa kamar labulen shagon mai ɗaukar hoto. Shi ya sa yau nake so in ba ku labarin wani yaro Bahaushe, sa'anku, da ya ga waɗannan birane shi da abokinsa fiye da shekara 160 da suka wuce, babu waya babu kyamara, amma har gobe ana karanta abin da ya gani.

Sunansa Dorugu. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye da ake kira Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Yana yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta wucewa da shi daga hannu zuwa hannu har Kukawa, babban birnin Barno na wancan lokaci. Mu mutanen yammacin Zamfara ba sai an yi mana dogon bayani a kan abin da ake nufi da a ɗauke yaro daga gaban iyayensa ba. A Kukawa wani Bajamushe mai yawon bincike, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega. Overweg ya mutu a 1852 a bakin tafkin Chadi, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim.

Daga ƙarshen 1852 suka kama hanyar yamma. Damagaram, Katsina, suka ratsa ƙasar Zamfara ta wajen Zurmi, suka isa Wurno da Sakkwato a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Daga nan sai Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara, a watan Satumba na wannan shekara suka shiga Tambutu. Bayan watanni suka juyo, suka bi ta Kano suka koma Kukawa. A 1855 suka ratsa Sahara zuwa Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta tsibirin Malta suka sauka a Faransa, suka wuce ta Faris, a farkon Satumba ga su a Landan. Daga baya Barth ya kai su garinsu, Hamburg, a Jamus. Dorugu a lokacin bai wuce shekara 15 ko 16 ba, wato da yana cikinku da yana aji huɗu ko biyar.

Ku ƙaddara abin da idon yaron nan ya gani. Kano da ya baro, Barth ya ƙiyasta mazaunanta na dindindin da mutum 30,000. Landan ta lokacin ta haura mutum miliyan biyu. Ya hau jirgin ƙasa fiye da shekara 50 kafin layin dogo ya iso Kano a 1911. Hasumiyar Faris da kuke gani a bidiyo kam bai gan ta ba, don ba a kammala ta ba sai 1889.

A Ingila yaran suka zauna wurin wani limamin Kirista Bajamushe, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa saboda aikinsa na mishan. A can suka shiga addinin Kirista, aka ƙara musu sunayen Turawa. Schön yana neman mai jin Hausa tun daga nono, sai ga Dorugu. Yaro yana faɗa, dattijo yana rubutawa da haruffan boko, har labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa ya cika shafuka masu yawa. An buga shi a littafin Magana Hausa a 1885, aka kuma fassara shi zuwa Ingilishi a 1971. A ciki akwai kamunsa, da garuruwan da suka bi, da wahalar Sahara, da teku. Amma inda masu karatu suka fi tsayawa su yi murmushi shi ne inda ya bayyana liyafar cin abinci a gidan Turawa: yadda ake shirya tebur, yadda maza da mata ke shigowa su zauna, abin da ake fara kawowa da abin da ke biyo baya. Turawa sun saba zuwa ƙasashenmu su rubuta yadda muke ci da yadda muke zama. Wannan karon su aka zauna aka ƙare wa kallo, kuma yaro ne daga ƙauyen Damagaram ya yi.

Abbega ya dawo a 1857, daga baya har ya zama sarkin Lokoja. Dorugu ya dawo a 1864, ya yi aikin tafinta, da tsufansa ya koyar a makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya mutu a 1912, bayan jirgin ƙasan da ya hau yana yaro ya biyo shi gida.

Abin da nake so ku lura da shi a nan: idon da Dorugu ya kalli Landan da shi, a nan gida ya wasa shi. Kafin ya ga teku ya riga ya zaga kasuwar Katsina, ya ga Sakkwato, ya ga Tambutu, ya saba da kwatanta wannan gari da wancan. Wanda bai iya kallon garin da ke kusa da shi ba, ko an kai shi Faris hoton fuskarsa kawai zai kawo mana. Mu kuwa muna da birni a kusa, ɗaya daga cikin waɗanda shi da Abbega suka taka da ƙafarsu. Har zuwa ranar 1 ga Oktoba 1996, da aka ƙirƙiro jihar Zamfara, Sakkwato ce babban birnin jiharmu. Da yawa daga cikin iyayenku takardar haihuwarsu jihar Sakkwato ta ce. Kuma da yawa daga cikinku za ku cike Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a fom ɗin JAMB alhali ko ƙofarta ba ku taɓa gani ba.

Na san abin da ke bakin iyayenku, kuma suna da gaskiya: hanya. Tun abin da ya faru da ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairun 2021, ba zan zargi shugaban makarantar da ya ƙi zuba yara a bas da sunan yawon buɗe ido ba. Abin da muka yi asara kenan, kuma ba ƙarama ba ce, a ce yaro ya gama sakandare iyakar saninsa da duniya kasuwar garinsu. Saboda haka tafiyar da nake magana a kai ba ta satar jiki ba ce. Da izinin baba da inna za a yi ta, kuma su za su zaɓi ranar. In suka ce hanya ba ta da kyau a wannan mako, an ɗage, Sakkwato ba ta gudu. A tasha ake shiga mota, motar da 'yan ƙungiyar direbobi suka san direbanta, ba a tsaida mota a bakin titi don an ce ta fi araha. Da safe ake tashi, bayan motocin farko sun wuce an ji labarin hanya, kuma ba a yarda dare ya yi a kanta, zuwa ko dawowa. Masauki gidan dangi ne, kawu ko gwaggo ko wani amintaccen abokin baba, wanda aka kira tun kafin ku taso kuma zai tarbe ku a tasha. Wanda ba shi da kowa a can, ya jira ranar da wani babba daga gidansu zai je ya bi shi. Ku riƙe katin shaidar makaranta, ku rubuta lambar wayar gida da ta mai masauki a takarda, don waya tana mutuwa.

Lokacin hutu ya fi, ku tashi Juma'a da safe ku dawo Lahadi. In da hali ku kauce wa watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Kuɗin mota ku je tasha ku tambaya da bakinku, don tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 farashin jiya ba shi ne na yau ba. Ku fara tara shi tun farkon zango. Da kun isa, ku miƙa wa gwaggo kuɗin motar komawa ta ajiye, don tsire da lemo mai sanyi sun sha cinye kuɗin motar baƙo. Kada kuma ku shiga gidan mutane hannu rabbana, ko ƙuli-ƙuli ne ko daddawa ko busasshen kifi inna za ta ƙulla muku.

Sai zaɓen abokin tafiya, wanda a ganina shi ne rabin tafiyar. Mutum biyu sun isa, uku sun fara yawa, biyar kuwa gardamar inda za a ci abinci za ta cinye yinin. Kada ka ɗauki wanda komai ya gani zai ce "ai na sani". Ka nemi mai tambaya, wanda ba ya jin kunyar tsayawa gaban dattijo ya gaishe shi ya ce, "Baba, don Allah wannan ƙofa me ya sa ake kiranta haka?" Ku sayi littafin rubutu guda ɗaya na ku biyu. Ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutawa, bayan azahar ku yi musanya. Za ku sha mamaki da dare in kun zauna: wuri ɗaya kuka tsaya, amma abin da ya gani daban, naka daban.

Gidan Tarihi na Waziri Junaidu shi ya kamata ku fara da shi, sai dai ma'aikatar gwamnati ce, don haka ku sa mai masaukinku ya tambayo muku ranaku da lokutan da ake buɗewa tun kafin ku zo. A nan ake ajiye tsofaffin rubuce-rubucen hannu da wasiƙu da kayan yaƙi da na sarauta na Daular Usmaniyya. Shi Waziri Junaidu da aka sa wa gidan sunansa, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, babban masanin tarihin daular ne. Ku tsaya gaban takarda guda ku ƙura mata ido, ku ga tawada da alƙalamin kara, irin wanda kuka riƙe a makarantar allo, su aka gudanar da mulkin ƙasa mai faɗi da su. Daga nan sai sallar Juma'a a Masallacin Sarkin Musulmi Bello, kusa da fada. Ku je da wuri, ku kula da takalmanku da aljihunku kamar yadda ake yi a kowane babban taro.

In rana ta yi sanyi bayan la'asar, sai Hubbaren Shehu. Nan nake so ku daɗe. Sakkwato ba tsohon birni ba ne irin Kano ko Katsina. Muhammadu Bello ne ya gina ta a 1809 a matsayin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, shekara ɗaya bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir. Shehu Usmanu bai tare a cikinta ba sai 1815, daga Sifawa, ya rasu a 1817, aka rufe shi a cikin gidansa. Wato mutumin da ake kiran garin da Birnin Shehu saboda shi, shekara biyu kacal ya zauna a ciki. A ƙasar Zamfara kuwa ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi tun kafin jihadi, kuma a 1805, ana tsakiyar yaƙi, jama'arsa ta yi zango na watanni a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara kafin ta wuce Gwandu. Ita kanta Alƙalawa a ƙasar Zamfarawa Gobirawa suka gina ta, bayan sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18, kuma gidan sarautar da aka tarwatsa a wancan lokaci shi ne daga baya ya zauna a Anka. Ɗan Anka da ya tsaya a Hubbare ba labarin wasu yake ji ba.

Ga tambayar da za ku yi wa masu kula da wurin: ina kabarin Bello? Ba ya nan. Yana Wurno, inda ya rasu a 1837, domin ya zaɓi ya ƙare rayuwarsa a bakin iyaka. Na Abdullahi ƙanen Shehu kuma yana Gwandu. Malamai sun sha bamban a kan wasu abubuwan da masu ziyara ke yi a irin waɗannan wurare, a nan kowa ya bi abin da ya koya a gidansu. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne ladabi: a cire takalmi inda aka ce a cire, a sassauta murya, a bi tsarin da masu wurin suka yi wa maza da mata, kada a ɗaga waya sai an tambaya.

'Yan mata, kada ku ce wannan fili na maza ne yau. A Hubbaren nan Nana Asma'u take kwance kusa da mahaifinta. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ita ta kafa tsarin 'yan taru, inda mata daga ƙauyuka, tsofaffi da 'yan mata ƙanana, suke tasowa ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, su zo wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar a garuruwansu. A ƙafa suke zuwa. Ke da ƙawarki in kun biyo gwaggo ko yaya kuka zo Sakkwato don ku gani ku koya, tsohuwar hanya kuka bi.

Asabar da safe ta cikin gari ce, kuma da ƙafa. Kabu-kabu yana da amfani in wuri ya yi nisa, amma mai babur ba ya tsayawa don ka ga wani zaure. Ku roƙi ɗan gidan da kuka sauka ya raka ku. Ku fara daga Ƙanwuri, ƙofar fada, inda Sarkin Musulmi na 20, Muhammad Sa'ad Abubakar, yake zaune tun 2006. Ku gaida dogarai, ku tsaya inda suka ce ku tsaya. Daga nan ku nemi Gidadawa, shiyar wazirai. Sunan daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne, mijin Nana Asma'u, kuma shi ya sauki Baturen nan Hugh Clapperton da ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. Clapperton ya zo yana zaton zai ba da mamaki, sai shi ya sha. Ya fito da na'urarsa ta auna taurari, ya tarar Bello ya san sunayen taurarin da Larabci. Bello ya yi masa tambayoyi a kan tsofaffin ɗarikun Kirista har baƙon ya rasa amsa. Da ya dawo karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi har da littafin lissafin Euclid na Larabci, kakan wannan lissafin kusurwoyi da ke ba ku ciwon kai a WAEC. A wannan zuwa na biyu ciwo ya kama shi, ya mutu a Sakkwato a watan Afrilun 1827, abokin tafiyarsa Richard Lander, saurayi ɗan shekara 23, shi ya binne shi ya kwashi takardunsa ya kai gida. Da babu Lander da labarin ya tsaya a nan.

Ganuwar garin yawancinta ta tafi, gidaje sun hau kanta, amma sunayen ƙofofi suna nan a bakin kowane mai Keke Napep: Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Aliyu Jeɗo. Ba sai kun zaga duka ba. Ku zaɓi biyu, ku tambayi ina hanyar da ta fita ta kowace take zuwa, ku zana a littafinku. Wasu sunan itace suka ɗauka, wasu sunan garin da suke kallo, wasu sunan mutum. Ku raba su da kanku.

Wurin da ni na fi so a kai baƙo shi ne wurin majema da madunka, masu aikin fata. Warin majema zai tarbe ku tun daga nesa, ku daure, kada ku toshe hanci a gaban mai sana'a. Jar akuyar nan da ke cin dusa a bayan ɗakin inna, fatarta tana cikin fatun da duniya ta fi daraja. Shekaru aru-aru ana jeme ta a rina, fatake su ɗora wa raƙuma su ratsa Sahara da ita zuwa gaɓar tekun Bahar Rum. Turawa da suka saye ta daga hannun Larabawan arewacin Afirka sai suka riƙa kiranta fatar Maroko, suna yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Wato hanyar da Dorugu ya bi zuwa Landan, fatar akuyarmu ta riga shi binta, ta kuma isa can da sunan wasu. Ku zauna kusa da baduku, ku gaishe shi, ku tambaye shi nawa yake sayen fata, kwana nawa take yi kafin ta zama jaka ko takalmi ko titimi, wa ke saye. Wannan darasin tattalin arziki ne da ba ya cikin littafin aji. In kuɗinku ya kai, ku sayi ƙaramin abu ko ɗan walat ne, kada ku cinye wa mutum lokaci ku tashi haka nan.

Da rana ku koma gida ku huta, kada ku yi gasa da zafin Sakkwato. Kantunan zamani da shataletale masu fitilu ban hana ku kallo ba, amma irinsu suna ko'ina, minti goma ya ishe su.

Da yamma kuna da zaɓi biyu, kuma a nan ne za ku fara gardama da abokinka. Na farko Giginya. Yau sunan filin wasa ne da barikin soja, amma asalinsa itacen giginya ne a wajen ganuwa, inda rundunar Sarkin Musulmi Attahiru ta tari sojojin Ingila ranar 15 ga Maris 1903. Sojojin sun ci Kano a farkon Fabrairu, suka biyo ta ƙasarmu, aka gwabza a Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya faɗi, sannan suka nufo Sakkwato. Dawaki da masu da takubba suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi, yaƙin bai daɗe ba. Attahiru ya yi gabas da dubban jama'a, aka cim masa a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Filin wasa kuna iya ɗaukarsa hoto. Bariki da shingen jami'an tsaro kuwa ko da wasa kada ku nuna musu waya.

Na biyu jami'a. An kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka mayar da ita Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Mazauninta na dindindin yana ƙetaren gulbin Rima, ta gadar Kwalkwalawa, wadda ambaliyar 2010 ta taɓa yankewa har ta raba jami'ar da gari. Ɗan Gummi da ya tashi a bakin gulbin Zamfara zai ji kamar gida in ya ga fadama da masunta. In akwai ɗan garinku da ke karatu a can, ku kira shi ya shiga da ku, ya nuna muku ɗakin karatu da ɗakunan kwana da tsangayar da kuke mafarki, ku tambaye shi makin da aka ɗauke shi da shi da abin da yake kashewa a wata. In ni ne ɗan aji shida, wannan zan zaɓa, in bar Giginya sai wani zuwan.

Daren Asabar, bayan tuwo, ku buɗe littafin nan tun abin yana da ɗumi. Kowa ya faɗi abu uku da ya gani waɗanda babu su a garinku, da abu ɗaya da na garinku ya fi. Ku rubuta kalmomin da kuka ji a bakin Sakkwatawa waɗanda suka bambanta da naku, ko da yake mu da su harshenmu bai yi nisa ba. Ku rubuta farashin abin da kuka ci. Ku rubuta abin da dattijon nan ya ce game da ƙofa, da inda maganarsa ta saɓa da ta littafin tarihinku, ku kai wa malaminku ya raba gardama. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ya je Ingila a 1943 tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, littafi guda ya dawo ya rubuta, Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ku shafi biyu muke nema.

Lahadi ba ranar yawo ba ce. Ku karya da wuri, ku yi wa mutanen gida godiya da ban kwana, ku karɓi kuɗin motarku a hannun gwaggo, ku kasance a tasha da hantsi. Ku kira gida ku faɗi motar da kuka shiga da lokacin da ta tashi, don a san sa'ar da za a fara duba hanya. Wanda ya je ya dawo, ya aiko wa wannan fili da shafukansa biyu, da sunan makarantarsa da ajinsa, da sunan abokin da suka tafi tare. Waɗanda suka fi nuna an kalli gari za mu buga su a nan.